An Ƙunshe Ƙosai da Labarina

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Ba a kore ni ba. Da wannan zan fara, don tun asuba shi nake ta nanatawa a raina. Tabarmata tana nan a ɗakin Gwaggo Hasiya, akwatina yana inda yake, kuma da na dawo daga lise, makarantarmu ta sakandare, na tarar an rufe mini fura a ƙwarya kamar kullum. Alhamdulillahi.

A bayan kayen lissafi, wato littafin da nake rubuta darasi a ciki, nake wannan rubutu, daga shafin ƙarshe ina tahowa gaba. Nan dai na san ba mai taɓawa, ni kaina da ƙyar nake buɗe shi.

Bari in jera abin yadda ya faru, ko kaina ya daina juyawa. Shekara uku ke nan ina gidan nan a Gazawa. Tun da na ci jarrabawar brebe ta gama ƙaramar sakandare Baba ya kawo ni daga ƙauye, ya damƙa ni ga ƙanwarsa Gwaggo da mijinta Malam Sale tela, don ƙauyenmu babu lise. Gwaggo tana suyar ƙosai a ƙofar gida, a kan hanyar tasha. Kowane ƙarshen shekara nakan tattara tsofaffin kayena in tura mata ƙarƙashin gado, tana yaga tana ƙunshe wa mutane ƙosai. Rabin garin nan sun ci kalaci a cikin darasina na tarihi.

To ni mai wayo, da na fara rubuta labarina bara, sai na nemi inda ido ba zai kai ba. Na samu wani tsohon kaye da bai cika ba, na riƙa rubutu a ciki, in na gama in cusa shi tsakiyar na Gwaggo. Shafi sittin da ɗaya, da Hausa, da bik, wato biro, shuɗi. Ranar Juma'a takarda ta ƙare mata a bakin kasko, ta shigo ta miƙa hannu ƙarƙashin gado. Gwaggo ba ta karatun boko, a wurinta kaye duk kaye ne. Juma'a da Asabar, safiya biyu, labarina ya watsu a gari da mai da yaji.

Da Faransanci ne, da ba mai ko kallonsa. Amma mutum yana tsaye a tasha yana cin ƙosai, ya ga Hausa a tafin hannunsa, ai sai ya karanta. Kuma ban sauya sunan kowa ba. Cewa na yi sai na gama zan sauya.

Jiya ƙawata Balki ta zo da gudu, mayafi a hannu, ta miƙo mini shafi biyu da mai ya jiƙa. Ta ce, "Najiba, rubutunki ne ko ba naki ba?" Ina gani na ce nawa ne.

Saura mako bakwai da ƴan kwanaki mu zauna jarrabawar bak, ta gama lise. Ranar da Baba ya kawo ni, a gaban kowa ya ce, ranar da na jawo abin kunya a gidan mutane, ranar zan koma gida in kama kalme in yi noma. Baba ba ya maimaita magana.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Yau ma ba a kore ni ba. Na durƙusa na gaida Malam Sale a zaure, ya ci gaba da taka kekensa.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan azahar

Balki ta zama jandarma. Ta bi tasha, ta bi masu shayi, ta bi ƴan kabu-kabu, duk inda ta ga takarda mai shuɗin rubutu sai ta tsince. Goma sha ɗaya muke da su yanzu. Ɗaya akuya ta riga ta cin rabinsa. Na shanya su a kan akwati, ɗakin duk warin mai.

Da na sake karanta su sai kunya ta rufe ni, don abin da na ɗauka labari ne, ashe gidan nan na kwashe na zuba a takarda.

Yaya Habibullahi shi ne ɗan farin Gwaggo. Damina biyu ke nan da ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, watanni uku na farko yana kira, daga nan shiru. Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwa ba ta kiran ɗan fari. Ko lokacin da yake nan, "kai" take ce masa, in ba ya kusa ta ce "yaron nan". Da ya tafi, mata suka yi ta zuwa jaje, ita kuwa ko gezau, tana ta tsince wake. Kowa ya yaba, aka ce Hasiya akwai kunya, akwai kawaici.

Ni ce mai kai mata ƙullu ƙofar gida kafin in tafi lakol, wato makaranta. Wata safiya na fito da roba a hannu, ba ta ji tahowata ba. Tana sakin ƙosai na farko a mai, sai na ji ta kira sunansa a hankali, sau uku, kamar yana zaune a gefenta. Na koma da baya na yi tari, sannan na fito. Daga baya na lura kullum haka take yi.

Na rubuta wannan. Na rubuta shi da kyau ma, abin haushin ke nan. Na kuma rubuta abin da ya faru a zaure ranar da zai tafi, tsakaninsa da Malam Sale, wanda na jiyo ta bayan labule. Wannan ba zan sake rubuta shi ba, ko a nan.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

A bakin famfo wata ta ce, "Ku matsa, ga marubuciya, kada ta sa mu a takarda." Suka kwashe da dariya. Na cika bokitina na wuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na safe. Wata tsohuwa ta zo sayen ƙosai, ina tsaye da jakar lakol, ta ce wa Gwaggo, "Ashe Hasiya da bakinki kike kiran ɗan fari? Jikana ya karanta mani." Gwaggo ta ɗebi ƙosai ta barbaɗa yaji ta miƙa mata, ta ce, "A gaida gida." Ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Amma an rufe mini fura. Ba a kore ni ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Na yi alkawari tsakanina da Allah: ba littafin labari, ba rubutun labari, har sai na gama bak. Na mayar da biyun da na aro a kabad ɗin lise. Ɗayan saura babi uku in gama, ban san ko matar ta samu ƴarta ba. Ta je can ta ƙarata.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Yau na yi dariya, karon farko cikin kwana takwas.

Ana tashi, Mushe Jibrilla mai koya mana Faransanci ya ce in tsaya. Na ce shi ke nan, magana ta kai ga provizer, shugaban lise. Sai ya buɗe jakarsa ya zaro shafi na ashirin da bakwai, ya goge shi da hankici, ya ajiye a kan tebur. Ya bi shi da jan bik! Ya gyara mini waƙafi guda huɗu, a gefe ya rubuta da Faransanci wai jimlar nan ta yi tsawo.

Ya ce, "Ƙosan ya yi daɗi, takardar ta fi. Ke kika rubuta?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "To wadda ke rubuta mini disertasiyon, insha'in aji, kamar an sa mata wuƙa a wuya, ita kuma wace ce?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce marubuci ɓarawo ne, kowa ya sani, amma ɓarawon kirki yakan sauya wa akuya igiya kafin ya kai ta kasuwa. Ya ce mutanen gidanmu ba su ba ni aron rayuwarsu ba, ni na ɗauka. Sannan ya tambayi nawa na samu a lissafi a jarrabawar gwaji. Na ce shida bisa ashirin. Ya kama baki. Ya ce labari zai jira ni, bak ba za ta jira ba, in je wurin Balki ta koya mini, tunda ita lissafi a jininta yake.

Na fito da shafina a hannu, zuciyata wasai. Shafi sha biyar ke nan muka tara.

Talata, 14 ga Mayu, bayan magariba

Malam Sale ya kira Baba a waya. A zaure ya yi, bai rage murya ba. Baba zai zo ranar Juma'a.

Ban iya cin tuwo ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da azahar

Na ninke kayana na jera a akwati, don kada ranar ta zo in tsaya ina kuka ina neman kallabi. Daga baya na ga abin ya yi kama da na yanke wa kaina hukunci, na sake fito da su. Sau biyu na yi haka.

Balki ta zo da lissafi. Ta yi mini bayani sau uku, a na huɗu ta ce, "Wallahi in da harafin iks ɗin nan mutum ne mai uwa da uba, da tuni kin gano shi." Na ce ta ba shi uwa mana. Ta ce to, uwarsa tana ɗaya gefen, a kai shi wurinta. Abin mamaki, na gane.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

Ruwa! Jiya da yamma aka yi ruwan farko a wajen ƙauyenmu, mai yawa, har ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya. Duk wanda ke da gona yau yana cikinta da iri. Baba ya aiko a ce ba ya barin shuka don maganar takarda, sai Juma'a mai zuwa.

Ban taɓa son hadari kamar yau ba. Na fita bayan gida na yi ajiyar zuciya har sau nawa ban sani ba. Kwana bakwai aka ƙara mini. Ba a kore ni ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, da safe

Tun ranar da abin ya faru Gwaggo ba ta yi mini magana ba sai ta dole: kawo ƙullu, ɗauke tukunya, rufe ƙofa. Yau na kai mata ƙullu, zan juya, ta ce, "Ke." Ta ɗago wani kaye daga tulin, ta riƙe shi da yatsa biyu kamar wadda ta kamo ɓera.

"Wannan na lakol ne, ko naki ne?"

Na duba, na ce, "Na lakol ne, Gwaggo. Labarin ƙasa."

"Kin tabbata ba mu ciki?"

"Ba ku ciki. Kogunan Asiya ne."

Ta ce, "To su ba su da dangi a garin nan." Ta yage shafi ta ƙunshe wa wani direba. Ba ta yi murmushi ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Na shige ɗaki na toshe bakina da filo, ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Talata, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Tara da rabi a lissafi. Balki ta yi guɗa a tsakiyar filin lise.

Na karya alkawari kaɗan. Na je kabad na tsaya a tsaye na karanta babi ukun nan. Matar ta samu ƴarta. Allah Ya yafe mini, ba zan ƙara ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, da yamma

Gobe.

Shafi ashirin da uku muka samu, sauran sun tafi Maradi da Tasawa a cikin motoci, ko an hura wuta da su. Na jera su bisa lamba na ɗaure da zare. Ban san me zan yi da su ba. Na ɗauko ashana sau ɗaya, na mayar.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan magariba

Baba ya iso bayan an sauko daga masallaci, ƙafarsa duk jar ƙasar gona. Bai amsa sannu da zuwana ba. Aka kira ni zaure. Malam Sale yana kan kujerar kekensa, Baba a tabarma, Gwaggo tana tsaye a bakin labule.

Malam Sale ya zaro wata takarda daga aljihun gaban rigarsa. Ta yi laushi don yawan ninkewa. Shafi na arba'in ne, wanda muka yi ta nema ba mu samu ba, na zaure. Wani ne ya kawo masa har gida, wai don ya sani.

Ya ce, "Yarinyar nan na riƙe ta kamar ɗiyata. Ga abin da ta saka mani da shi. Dut gari na cewa ni na kori ɗana." Muryarsa ta karye a nan, ya gyara hula. Sannan ya dube ni, karon farko cikin mako uku. "Kuma ba hakanan na ce mashi ba. Kin ji farko, ba ki ji ƙarshe ba."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Gaskiya ne, ranar da muryoyi suka tashi na gudu ɗaki. Abin da ban ji ba na cike da kaina. Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba Malam, na yi kuskure."

Baba ya ce, "Tashi ki haɗa kayanki. Gobe da sassafe mu tahi."

Na yunƙura zan tashi. Sai Gwaggo ta ce daga bakin labule, "Yaya, tsaya."

Ta ce, "Kowa a garin nan ya karanta ni, ni kaɗai ce ban ji abin da anka ce ba. Da hannuna na rarraba shi, kuma ban san mi na rarraba ba. Ba ta tahiya sai ta karanta mani da bakinta. In na ji, ni zan hwaɗi."

Malam Sale ya ce ai ita aka fi kunyatawa, maganar tata ce. Baba ya ce to. Zai kwana a zaure.

Har yanzu ba a kore ni ba.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Baba ya tafi shi kaɗai. Ina rubutawa ina sake dubawa: shi kaɗai.

Da ta tashi daga suya da hantsi, Gwaggo ta wanke hannu ta shigo ɗaki ta saki labule. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Bismillah." Na kwance zaren. Na fara da murya kamar ta mai zazzaɓi. Inda shafi ya ɓace nakan ce, nan babu, ta ce wuce.

Da na karanta inda na ce tana jiƙa wake tana faɗa da kaji, ta ce, "Ƙarya ne, ni ba na zagin kaji." Can gaba ta ce, "To, wannan na yi." Da na zo inda na kwatanta yadda take gwada zafin mai da ɗigon ƙullu, ta ce, "Ashe kina kallo. Na ɗauka littafi kaɗai idonki ke gani."

Sai na iso shafi na goma sha tara. Na karanta fitowata da roba, na karanta sakin ƙosai na farko. Da na zo kan sunan na tsallake, na ce, "ta kira yaron nan."

Ta ce, "Ba haka kika rubuta ba."

Na sake duban takardar.

"Hwaɗi. Ni ce ba na hwaɗa. Ke ba ɗanki ba ne."

Na ce, "Habibullahi." Sau uku yake a takardar, sau uku na faɗa. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan keken Malam Sale daga zaure, shi ma can ya tsaya.

Ta miƙo hannu. Na ba ta shafin, ta riƙe shi a juye, na gyara mata. Ta ce, "Nuna mani inda yake." Na ɗora yatsana a kan sunan. Ta ture nawa ta ɗora nata, yatsan nan da mai ya ƙona ya yi kanta, ta bi shi daga farkon harafi zuwa ƙarshe a hankali, ta dawo ta sake bi.

Ta ce, "Ashe dogo ne."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye mini ba. Ta ninke shafin ƙanana, ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce wannan nata ne, sauran in riƙe. Ta ce in na gama jarrabawa in je in durƙusa gaban Malam in ji ƙarshen maganar zaure, in gyara, in kuma sauya wa bayin Allah suna, kada in sake kai mutane kasuwa ba da saninsu ba.

Sannan ta tashi ta ɗaga labule ta ce, "Yaya, tahi ka ga gonarka. Ɗiyar nan tana da jarrabawa."

Baba ya daɗe yana kallona kafin ya hau babur. Ya ce, "Ki gode wa gwaggonki." Da zan koma ciki na durƙusa na gaida Malam Sale. Bai ɗago daga ɗinki ba, amma ya ce, "Lafiya lau."

Na sha furata har da kankare ƙwarya.

Lahadi, 26 ga Mayu, da sassafe

Na fito da ƙullu ban yi tari ba. Ta gan ni, ta saki na farko a mai, ta faɗi abin da take faɗa, ba ta rage murya ba. Ta ƙara da wata magana da ban taɓa ji ba. Wannan tata ce, ba zan rubuta ba.

Saura mako biyar. Na rufe nan, zan juya kayen in buɗe shi ta gaba.